Audugar da za ta jure fari da zafi: tambayoyi da amsoshi

Duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ko ya yi tsaiko auduga na tsakiyar fure, maganar da ake ji a bakin manoma daga Funtuwa zuwa Gombe ɗaya ce: ina irin da zai jure? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo tsakanin manoma, malaman gona da masu sayen auduga a kan aikin samar da irin nan, abin da zai iya da abin da ba zai iya ba.

Ai an ce auduga mai jure fari ce tun asali. Me kuma ake nema?

Gaskiya ne, tana da juriya. Asalinta itaciyar daji ce mai shekara da shekaru, kuma kakannin wadda ake nomawa yau a kusan ko'ina, Gossypium hirsutum, sun fito ne daga busassun yankunan Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ita ce ke ba da kimanin kashi 90 cikin 100 na audugar duniya. Saiwarta na iya nutsawa mita biyu idan ƙasa ta ba ta hanya, shi ya sa za ka ga masara ta ƙone a gefe ita kuwa tana nan tsaye.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Yadda take tsira shi ne abin da ke cutar manomi: da ƙishirwa ta matsa, sai ta zubar da toho da ƙananan ƙwallaye ta ceci ranta, domin a ɗabi'arta ta itace tana sa ran wata daminar. Manomi kuwa ba kara yake kai wa kasuwa ba. Saboda haka abin da masu bincike ke nema shi ne irin da zai riƙe 'ya'yansa cikin makonnin wahala, ya kuma cika su. Babu irin da zai yi auduga ba tare da ruwa ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta bukatarta a kaka guda tsakanin milimita 700 zuwa 1,300, gwargwadon zafin wuri da tsawon kwanakin iri. A farin 2022 manoman jihar Texas ta Amurka, masu irin zamani da manyan injuna, sun bar kusan kashi uku cikin huɗu na gonakin audugarsu ba tare da girbi ba.

A wane lokaci ne ƙishirwa ta fi yi mata illa?

Daga fara fure zuwa cikar ƙwallo. Toho na farko yakan fito bayan kwana 35 zuwa 45 da shuka, ya ɗauki kimanin mako uku kafin ya buɗe ya zama fure, wato furen farko na zuwa ne wajen kwana 60. Daga fure zuwa fashewar ƙwallo kuma kwana 50 zuwa 60 ne. Ƙwallon da bai wuce mako biyu ba shi ne uwa ta fi saurin zubarwa. Wanda ya wuce wannan mataki yakan zauna, sai dai ya ƙanƙance.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai a wajen saye. Silin auduga yana ƙara tsawo ne a cikin mako ukun farko bayan fure, daga nan sai ya shiga yin kauri. Fari a kashi na farko yana ba da gajeren sili. Fari a kashi na biyu yana ba da sili marar ƙwari wanda bai nuna ba, mai ƙudundunewa a injin kaɗi, wanda ba ya shan rini daidai. Ƙishirwa kaɗan kafin toho ba ta cika yin lahani ba, takan ma tura saiwa ƙasa.

Zafi fa? Ba shukar ƙasar zafi ba ce?

Tana son ɗumi, amma tana da iyaka, kuma iyakar ta fi kusa fiye da yadda ake zato. Ganyenta ya fi aiki idan zafinsa na wajen digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Jihar Mississippi cikin ɗakunan da ake saita zafinsu sun nuna cewa idan rana ta kai digiri 40 dare kuma ya tsaya a 32, kara yana girma, ganye na yawa, fure na fitowa, amma kusan duk ƙwallayen zubewa suke.

Inda zafi ke kama ta shi ne garin fure, wannan ƙurar mai ruwan ɗorawa da ke sa fure ya ɗauki ciki. Tun kimanin mako biyu kafin furen ya buɗe garin ke haɗuwa a cikin toho, kuma tsananin zafi a kwanakin nan yana lalata shi tun bai fito ba. Shi ya sa wani lokaci za a ga zubewar ta zo bayan zafin ya wuce, manomi ya rasa dalili. Mai son gani da idonsa ya shiga gona da hantsi, ya buɗe farin furen da ya buɗe ranar, ya goga yatsa a cikinsa. Lafiyayyen fure zai bar masa gari a yatsa. Wanda zafi ya taɓa zai ga 'yan kawunan da ke ɗauke da garin ba su fashe ba, sun gajarce, tsinken tsakiya ya zarce su ya tsaya shi kaɗai. Auduga gashin gurya ce, don haka duk guryar da ba ta ƙullu ba asarar sili ce. Ƙwallon da ya sami gari a gefe ɗaya kawai yakan fito a karkace, bakinsa a lanƙwashe.

Zafin dare ma yana da tasa ɓarnar. Abincin da ganye ya tara da rana, shuka na ƙona shi da dare wajen numfashi, kuma iya ɗumin dare iya yawan abin da za ta ƙona, ƙwallo ya tashi da ragowa.

To fari da zafi ba abu ɗaya ba ne? Irin da ya jure ɗaya ai zai jure ɗayan.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma amsarta a'a ce. Sau da yawa ma halin da ke maganin ɗaya shi ke buɗe wa ɗayan ƙofa.

A jikin ganye, musamman bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga shuka ta haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita ya zama tururi. Fitar ruwan nan ce ke sanyaya ganye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Audugar da ke da danshi a ƙarƙashinta tana iya rage zafin ganyenta digiri da yawa ƙasa da na iskar da ke kewaye da ita. Ka taɓa ganyen gonar da ta ƙoshi da ruwa da tsakar rana, za ka ji sanyi a tafin hannunka. Ka taɓa na wadda ta yi yaushi, za ka ji shi da ɗumi.

A jihar Arizona, inda ake noman audugar Pima mai dogon sili da ban-ruwa cikin hamada, an shafe shekara arba'in ana zaɓen iri, daga Pima S-1 a 1951 zuwa Pima S-7 a 1991. Abin da masu zaɓen suke dubawa kawai shi ne wanda ya fi ba da amfani cikin zafi. Da wasu masana suka zo suka auna ire-iren nan a farkon shekarun 1990, sai suka tarar kowane sabo ya fi na gabansa buɗe ƙofofin ganye, ganyensa kuma ya fi sanyi. Ashe ba jure zafin suke yi ba, guje masa suke yi, kuma da ruwa suke biyan kuɗin.

Yanzu ɗauki irin nan ka kai shi jigawa a arewacin Katsina, inda babu famfo sai sama. Zai shanye danshin ƙasa da wuri, fari na zuwa ya same shi hannu rabbana. Irin da ke tattalin ruwa kuwa, mai rufe ƙofofinsa da rana ta take, zai kai ƙarshen damina da ragowar danshi, amma ganyensa da tohonsa za su sha zafi. Aikin mai bincike shi ne ya san wace matsala ce ta fi addabar wurin da yake yi wa iri. A Multan ta Pakistan auduga na fure ana zafin da ya haura digiri 40, da ruwan magudana a ƙarƙashinta, don haka zafi ne babban abokin gabarsu. A arewacin Najeriya watannin da suka fi zafi, Maris zuwa Mayu, auduga ba ta gona. Tamu matsalar ita ce makarar damina, tsaikon ruwa a tsakiya, da ɗaukewarsa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sannan ranar Oktoba ta sauka a kan shukar da ba ta da ruwan da za ta sanyaya kanta. A wajenmu zafi na bin bayan fari ne. Duk wanda ya zo da iri ya ce yana jure komai a ko'ina, a tambaye shi inda aka gwada shi, da ruwan sama ko da ban-ruwa.

Waɗanne halaye ake nema a jikin shukar?

Na farko a wurinmu shi ne saurin nuna. Irin da zai yi furensa ya ƙulla yawancin ƙwallayensa kafin ruwa ya ɗauke ya tsallake farin ƙarshen damina ba tare da ya yi kokawa da shi ba. Sai dai gajeren zango na da farashi: irin da ya zuba furensa duka cikin 'yan makonni, idan tsaikon ruwa ya faɗo daidai makonnin nan, ba shi da damar ramawa. Mai dogon zango yakan sake toho idan ruwa ya dawo. Don haka ana neman tsaka-tsaki ne, mai saurin farawa wanda kuma bai rasa ƙarfin farfaɗowa ba.

Na biyu saiwa mai saurin nutsawa tun shuka na ƙarama. Wannan hali ne mai wuyar aunawa, domin sai an haƙa, kuma ba ya amfani a ƙasar da ke da marmara kusa da sama. Sai garin fure mai rayuwa cikin zafi, wanda ake gwadawa a ɗakin bincike ta hanyar ɗora shi a faranti a ga ko zai tsira a zafi daban-daban.

Ganye ma ana dubawa. A Ostireliya masu bincike na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, a garin Narrabri sun fitar da ire-iren Siokra masu ganye tsattsage irin na kuɓewa, wanda iska ke ratsawa. Kuɓewa da rama da yakuwa dama dangin auduga ne. Gashin ganye kuwa ba a wasa da shi a Afirka, domin shi ne ke hana ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye sakat. A 2022 wani sabon nau'insu da aka sani a Indiya ya mamaye gonakin Mali, Burkina Faso da Kwaddibuwa ya yi ɓarna mai yawa. Irin da ya jure fari amma ƙwari suka cinye shi, ko cutar baƙin tabon ganye ta kama shi, bai amfani kowa ba.

Yaya ake haɗa auren iri biyu a aikace?

Da hannu, fure bayan fure. Auduga yawanci da garinta take ɗaukar ciki, don haka sai an riga ta. Da la'asar mai aikin zai nemi tohon da zai buɗe gobe a jikin uwar da ya zaɓa, wanda ya yi tsini fari. Zai yanke fatun furen a hankali, ya tsince duk kawunan garin tun ba su fashe ba, ya bar tsinken tsakiya tsirara, ya zura masa ɗan guntun tsinken shan lemo ya lanƙwasa bakinsa don kada zuma ta kawo garin wani wuri. Washegari da hantsi sai ya tsinko furen uban, ya goga garinsa a kan tsinken, ya mayar da murfin, ya ɗaura wa wuyan furen zare da 'yar takarda mai sunan uwa da uba da kwanan wata. Wasu za su zube, wasu su ƙullu.

'Ya'yan farko duk kama ɗaya suke fitowa. A jikoki ne gado ke warwatsuwa, kowace shuka da halinta, dogo da gajere, mai wuri da mai makara. Daga nan zaɓe ke farawa: a ɗauki na kirki, a shuka 'ya'yan kowace a layinta, a sake zaɓe, har tsatso na biyar ko na shida lokacin da layi ya daidaita ya daina rarrabuwa. Sannan gwaji a wurare daban-daban na shekaru, sannan a gonakin manoma, kafin a kai gaban kwamitin ƙasa mai rajistar sabbin iri da ke zama a Ibadan. Shekara goma ba abin mamaki ba ne, kuma daga dubban shuke-shuke ƙila layi ɗaya ne zai kai ga samun suna.

Me ya sa aikin ke da wuya haka, alhali an yi maganin tsutsar auduga ta hanyar sa wa iri ƙwayar gado ɗaya ko biyu?

Saboda juriyar fari ba ta rataye a ƙwayar gado ɗaya ba, wato ɗan abin da ke ɗauke da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ɗaruruwa ne ke da hannu, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta, wasu a saiwa, wasu a ganye, wasu a lokacin fure. Audugar da muke nomawa kuma gadonta ninki biyu ne, domin ta samo asali daga haɗuwar nau'i biyu tun zamani mai nisa. An karanta jerin gadonta gaba ɗaya a 2015, abin da ya ba da damar a gwada ɗan guntun ganye a gane alamun halin da ake nema tun shuka na ƙarama. Hakan na rage shekaru, amma bai ɗauke gwajin gona ba.

Shi kansa gwajin gonar rigima ne. Ka shirya gwajin fari, Allah Ya kawo damina mai albarka, shekarar ta tafi ba ka koyi komai ba. Shi ya sa ake shuka da rani a tashar ban-ruwa, a datse ruwan daidai lokacin fure a wani ɓangare, a ci gaba da bai wa ɗayan ɓangaren, a kwatanta. Tashoshi irin na Kadawa da Talata Mafara wurare ne da suka dace da wannan, kuma zafin bazararmu kyauta ce ga mai son tace irin da garin furensa ke jurewa. Ana auna zafin ganye da na'urar hannu da ake saitawa daga nesa, a manyan cibiyoyi kuma da jirgi maras matuƙi mai kyamarar gane zafi.

Akwai tarkon da ya kamata a ambata. Idan an zaɓi iri a cikin fari kaɗai, ana iya ƙarewa da shuka mai rowa, wadda ba ta mutuwa amma ko a shekarar ruwa ba ta ba da abin kirki. Manomi yana bukatar irin da ba zai kunyata shi a shekarar fari ba, ba zai kuma cuce shi a shekarar albarka ba. Dole a auna duka biyun.

Daga ina ake samo sabon jini?

Ire-iren zamani sun fito ne daga kakanni kaɗan, sun yi kama da juna ƙwarai, don haka ana komawa ga dangi. Jinsin auduga na da nau'i kusan 50, huɗu kawai ake nomawa. Akwai tsohuwar audugar Indiya, Gossypium arboreum, mai gajeren sili amma mai haƙuri da ƙarancin ruwa, wadda ita ce ta mamaye gonakin Indiya lokacin samun 'yancin kai a 1947 kafin ire-iren Amurka su ture ta. Akwai na daji a hamadar Ostireliya. Akwai kuma Gossypium anomalum da ke tsirowa da kanta a busassun wurare na Nijar, Cadi da Sudan. Haɗa ta da audugar gona aiki ne mai wahala, domin 'ya'yan farko ba sa haihuwa sai an ninka musu gado da magani, sannan a yi shekaru ana mayar da su wajen uwar gona don a tace munanan halayen da suka biyo.

Mu ma muna da dukiya a bayan gida. Kafin zuwan irin Turawa, masaƙan Kano da Zariya sun dogara ne da audugar gida mai shekaru a tsaye, wadda ta yi ƙarnoni tana fama da ranin ƙasar nan. Har yau akan ci karo da ita a shinge ko tsohon kango a ƙauyuka. Wanda yake da irinta kada ya sare, ya sanar da malamin gona. Abin da ta koya a ƙasar nan ba a sayo shi daga waje.

Audugar Bt, wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado, tana jure fari?

Ba don haka aka yi ta ba. Ire-ire biyu da aka amince da su a Najeriya a 2018, MRC 7377 da MRC 7361, waɗanda kamfanin Mahyco na Indiya ya samar tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya, ƙwayoyin gadon da aka sa musu na kashe tsutsar ƙwallo ne. Suna taimakawa ta bayan fage, domin idan tsutsa ba ta cinye ƙwallayen farko ba, shuka na gama aikinta da wuri. Amma juriyarsu ga ƙishirwa ta dogara ne ga iyayen da aka haɗa, kamar kowane iri.

Abin da ya faru a Burkina Faso ya isa a riƙe. Sun rungumi audugar Bt a 2008, suka ajiye ta a 2016, ba don ta kasa maganin tsutsa ba, sai don silinta ya gajarce idan aka kwatanta da irinsu na da, darajar audugarsu ta faɗi a kasuwar duniya. Haka zai faru da duk irin jure fari da aka manta da silinsa.

Me zai hana a ɗauko iri daga Pakistan ko Indiya kawai?

Ana iya ɗaukowa a gwada, kuma tarihinmu ma da haka ya fara. Irin Allen, ɗan asalin Amurka, an kawo shi yankin Zariya wajen 1912, zamanin BCGA, ƙungiyar Ingila ta bunƙasa noman auduga, mai gidajen gurza a Funtuwa da Gusau. Sai dai bai zauna ba sai da aka yi shekaru ana zaɓensa a Samaru, daga nan jininsa ya tsallaka Cadi da arewacin Kamaru. Pakistan na da ire-iren da suka yi suna wajen jure zafi, irin su NIAB-78 da aka fitar a Faisalabad a 1983, amma na ban-ruwa ne, an zaɓe su kan cututtuka da ƙwarin can. A matsayin iyaye wajen haɗa aure suna da amfani sosai. A matsayin irin da za a raba wa manoma kai tsaye, sai gwaji ya wanke su.

Wa ke wannan aiki a yankinmu?

A Najeriya alhakin binciken auduga na wuyan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, yanzu kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ita ta fitar da ire-iren SAMCOT, inda 8 da 9 da 10 na yankunan arewa ne, 11 zuwa 13 kuma masu dogon sili. A Kamaru cibiyar IRAD a Marwa da Garwa na aiki da kamfanin SODECOTON kan ire-iren IRMA, a Cadi akwai tashar Bebejiya, a Sudan kuma cibiyar Wad Madani da ke yankin Jazira, inda Hausawa da yawa suka yi zamansu a gonakin auduga. Daminar Marwa gajera ce mai zafi, ta yi kama da ta Borno da arewacin Adamawa, don haka musayar iri da sakamakon gwaji tsakanin cibiyoyin nan zai rage wa kowa shekaru.

Abin da ke da ciwo shi ne, ko an samar da iri mai kyau, hanyar kai shi ga manomi ta lalace. Tun da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, irin da manoma da yawa ke shukawa gurya ce daga gidan gurza, wadda ta cakuɗe daga gonaki barkatai. Ka shiga irin gonar nan za ka ga wata ta fashe wata na fure, wata doguwa wata gajera. Aikin shekara goma na iya narkewa cikin kaka uku idan ba a ware gonakin iri, ba a kuma gurje su daban.

Zan iya ajiye iri daga shukokin da suka fi jurewa a gonata?

Idan irinka daidaitaccen layi ne kamar SAMCOT, ba mai aure ba, wato ba 'ya'yan farko na haɗin iyaye biyu ba, za ka iya, kuma yana da amfani. Bayan tsaikon ruwa ka zaga gona ka ɗaura ƙyalle a jikin waɗanda suka riƙe ƙwallayensu. Ka lura kada ka zaɓi wadda ta dace da kwari mai danshi, ko wadda ke bakin gona ba ta da maƙwabta, domin wannan sa'ar wuri ce ba gado ba. Ka tsinci audugarsu daban, daga ƙwallayen ƙasa da na tsakiya waɗanda suka nuna sosai, a gurje ta daban, a adana a busasshen wuri. Duk da haka a riƙa sabunta iri daga majiya mai takardar shaida bayan 'yan shekaru, saboda zuma na kawo cakuɗa. Iri mai aure kuwa ba a maimaita shi, 'ya'yansa warwatsewa suke.

Kafin sabon iri ya iso, me zan yi bana?

Lokacin shuka ya fi komai. Lissafin a fili yake: wanda ya shuka tsakiyar Yuni, furensa zai fara tsakiyar Agusta, ƙwallayensa su ƙullu cikin ruwan Satumba. Wanda ya bari sai ƙarshen Yuli, bayan ya gama da gero da dawa da masara, furensa na farko zai buɗe ne daidai lokacin da damina ke ban kwana, ragowar ƙwallayen kuma su shiga sanyin hunturu da ke hana sili nuna. An san dalilin makarar, abinci ne gaba, kuma hannu bai isa ba. Amma babu irin da zai biya mako shida da aka rasa. Gara ƙaramar gona da aka shuka kan kari da babba da aka makara.

Bayan haka a rage tsiro da wuri, a hana ciyawa shan ruwan a mako shidan farko, a zuba takin gargajiya don ƙasa ta riƙe danshi. Datse kwarin kunya da 'yar ƙasa nan da can yana tare ruwa ya nutse maimakon ya gudu, amma a buɗe shi lokacin marka, domin auduga ba ta son kwanciyar ruwa. Kada a cika takin yuriya, musamman a makare, yana tura ta ga ganye ya jinkirta nuna.

Idan an kawo min sabon iri aka ce yana jure fari, yaya zan tabbatar?

Ka tambayi sunansa da cibiyar da ta fitar da shi da takardar shaidarsa. Sannan kada ka ba shi gonar duka a shekarar farko. Ka shuka kunya goma nasa, kunya goma na wanda ka saba, gefe da gefe a ƙasa iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, feshi ɗaya. Idan ruwa ya yi tsaiko, kada koren ganye ya ruɗe ka. Ka duba ƙasa ka ga wanne ya fi zubar da toho, ka ƙirga ƙwallayen da suka zauna a jikin shuka ashirin daga kowane ɓangare. Da kaka ka tsince su daban, ka auna daban, ka kai samfurin kowanne wajen mai saye ya ja silin ya faɗi darajarsa. Ka maimaita a damina ta biyu, in da hali da ta uku, har ka gan shi a shekarar ruwa da shekarar fari, kuma ka ba malamin gonar yankinku abin da ka samu don ya kai wa masu binciken.